Rabin Darasin Lauratu

"To ba zan aika mashi ba," na ce. "In kina da bakin faɗa mashi, ga hanyar Ƙanƙara can, ba a rufe ta ba."

Goggo Saudatu, yayar Baba, ta ajiye rariyar da take tankaɗe da ita, ta kakkaɓe gari a zaninta, ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Ni kike nuna wa hanya, Suwaibatu? Ni da na taso tun daga Sabuwa a bayan a-kori-kura, ƙuguna kamar ba nawa ba, saboda wannan abin kunya?"

"Ai ba ni na kira ki ba."

"Ubanki ya kira ni. Kuma da ya saurare ni tun farko, da ba a ba ɗan Ƙanƙara tabarma a zauren nan ba. Mutum yana neman aure a gida, yana cin tuwon gida, a miƙa mashi takardar ɗiyar gida ya kayar da ita. Wane irin suruki ne wannan? Ko mahauci in yana neman ɗiyarka ai yakan ɗora maka tsoka a kan awo."

"Shi ba mahauci ba ne."

"Da mahaucin ne da mun huta."

Daga cikin ɗaki Lauratu ta ɗago murya, muryar duk ta dishe don kuka. "Ki bar ta, Goggo. Ai ita ta samu abin da take so."

Na juya wajen tagar. "Mi na samu? Fito ki faɗa mani a fuska, ki daina jifa ta bayan labule."

Ba ta fito ba. Sai ƙarar gado da na ji, ta sake kifa kai.

Bari in dakata nan, don na san cikinku akwai waɗanda yau suka fara bin labarin nan, kada su ce tsohuwa ta fara zuba ba kai ba gindi. Abin ya faru a gidanmu na Daudawa, shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa ya ɗauka ba za su ƙare ba. Lokacin ba a ma yi jihar Katsina ba, komai Kaduna ake kai shi. Babanmu Alhaji Mani dillalin auduga ne. Ya sauke jinkar ɗakuna ya buga kwano, ya gina falo ya zuba kujerun kushin waɗanda bai yarda a cire masu leda ba, ya sayo rediyo mai cin kaset wanda ba mai taɓawa sai shi. Mu biyu ne 'yan mata a gidan. Ni a aji huɗu na ajiye littafi. Ba wanda ya kore ni, ni na ga ina zaune a benci hirar bakin rijiya tana wuce ni. Lauratu kuwa, ƙanwata, ta zarce sakandaren kwana har ajin ƙarshe, kuma kanta yana ja a lissafi. In Baba ya zauna ƙofar gida, ko maganar farashin taki ake sai ya san yadda ya jawo sunanta ciki.

Malam Hadi shi ke koya masu lissafi. Dogo ne siriri, ya tara suma, wandonsa mai faɗin ƙafa kamar an aiko shi sharar tsakar gida, biro jere a aljihu. Ranar ziyara ya gan ni a makarantarsu, na ci atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na kafa ɗauri ya karkata gefe guda. Bai iya ko gaishe ni daidai ba. Kafin wata ya zagayo sai ga baburinsa a ƙofar gidanmu. Manyansa suka zo, aka kawo akwatin kaya, yana ƙarƙashin gadona, an ce sai an gama awon auduga a sa rana.

Amma Baba ɗan kasuwa ne, abu ba ya wucewa ta ƙofarsa bai ɗiba ba. Da ya ga malamin lissafi ya kawo kansa kyauta, sai ya kafa doka. In an yi hutu, Malam ya zo da azahar ya koya wa Lauratu a zaure, ni ina gefe da ɗinkin hulata. In aka kira la'asar, karatu ya ƙare, a yi salla, sauran lokacin nawa ne na zance, kuma ya tashi kafin rana ta yi ja saboda hanya. Har allo Baba ya sa kafinta ya yi, aka jingina a bango. Kiran la'asar shi ne iyaka, kowa ya san gonarsa.

To sai gwamnati ta aiko makarantarsu a zaɓi yarinya ɗaya a kai ta ƙasar waje karatun injiniya. Malam ya shirya jarrabawar lissafin, shi ya duba. Lauratu ta zo ta biyu. Wata Zulaihatu 'yar Sheme ta sha gabanta, kuma tambaya ɗaya ce ta raba su. Lauratu ta dawo gida da takardarta a dunƙule a hannu, ta shiga ɗaki, ko kokon safe sai an yi da gaske take sha. Sunan wadda aka zaɓa bai riga ya tafi Kaduna ba. Abin da Baba da Goggo suke so ke nan: in aika wa Malam ya gyara tun ba a aika ba, in kuwa ya ƙi, auren ya tashi.

Tambayar nan ni na san ta, kuma ga yadda aka yi na san ta.

Asabar ta ƙarshe ta hutu, taya ta fashe mashi wajen Sheme, bai iso ba sai da inuwa ta fara tsawo. Ni kuwa tun safe nake shiri. Na cire lalle ya kama jawur, na sa sabon leshi ruwan ƙwai da ya kawo cikin akwatin, na shafa turare har Inna ta ce in matsa mata kanta na ciwo. Ya shigo hannunsa duk baƙin mai, ko ruwa bai gama sha ba ya ɗauki alli.

Ya rubuta abu biyu, ɗaya bisa ɗaya, da layi a tsakani, irin na rabawa. A sama, x a ƙara ɗaya. A ƙasa, x a ɗebe uku. Shi x ɗin nan gurbi ne, duk lambar da ka ga dama sai ka zaunar da ita a wurin. Duk lamba, banda uku. In ka sa uku, ƙasan ya zama sifili, kuma ba a raba abu gida sifili. Sai ya ja layi a tsaye, ɗigo-ɗigo, daidai kan ukun.

"Nan ba a takawa," ya ce da Lauratu. "Sai dai a matso kusa a ga inda amsa ta nufa. Matso ta dama, ta wajen lambobin da suka ɗara uku da kaɗan."

Ta sa uku da ɗigo ɗaya, ta samu arba'in da ɗaya. Ta sa uku da ɗigo sifili ɗaya, ta samu ɗari huɗu da ɗaya. Ta ƙara matsawa, abu ya haura dubu huɗu.

"Mi kika gani?"

"Saman yana nan kusa da huɗu, bai motsa ba. Ƙasan ke ta ƙanƙancewa, shi ya sa amsar take kumbura."

"Har ina?"

"Ba ta da wurin tsayawa."

Ya yi murmushi, ya zana takwas a kwance, alamar abin da ba ya da iyaka ke nan a wurinsu. "Yawwa. Yanzu ta hagu…"

Ladan ya kira la'asar.

Kada ku dube ni haka. Doka ba ni na kafa ta ba. Na ninke hulata, na ce, "Lauratu, an kira." Ta ce, "Yaya, kaɗan ya rage." Na ce, "Nawa lokacin ma kaɗan ne, rana ba ta jira." Ta kalli Malam. Shi kuma ya kalle ni, ya kalli leshin, ya ce da ita, "Ki gwada na hagun da kanki, ki duba littafi." Ta kwashe takardunta ta shige tana buga ƙafa.

Da ya dawo daga masallaci muka zauna. Na gyara zama, na gyara mayafi, na kawo maganar gado mai rumfa da na gani a gidan wata amarya a Faskari. Mutum yana amsa mani da "haka ne, haka ne," idonsa yana kan allo. Rabin darasin ya tsaya mashi a wuya kamar ƙaya. Sai haushi ya kama ni.

"To faɗa mani ni, tunda ba za ka huta ba."

Da wasa na faɗa. Ya miƙe da gaske.

"Kin san abin da ke ƙasan sifili?"

"Akwai wani abu ƙasan babu?"

"Bakin rijiya shi ne sifili. In kika hau katanga kin yi sama da shi. In kika zura guga kin yi ƙasa da shi. Mukan sa wa lambobin ƙasan ɗan tsinke a gaba, alamar ɗebewa."

Ya sa biyu da ɗigo tara. Saman ya ba da uku da ɗigo tara. Ƙasan kuwa, an ɗebe uku daga abin da bai kai uku ba, sai ya faɗa rijiya da ɗan kaɗan. Amsa ta fito talatin da tara, amma da tsinke. Ya ƙara matsawa, ɗari uku da casa'in da tara, da tsinke. Duk matsowa guga na ƙara nisa, kuma rijiyar ba ta da ƙasa.

"Kin gani? Layi ɗaya ne. Ta dama abu ya hau sama ba iyaka, ta hagu ya gangara ƙasa ba iyaka. Ki duba saman, ki duba ƙasan. In dukansu suna gefe ɗaya na sifili, sama za a yi. In sun saɓa, ƙasa."

Fuskarsa ta yi wani haske da ban taɓa gani ba ko ranar da aka kawo akwati. Ya sa ni na maimaita har ya zauna mani a kai. Wannan shi ne zancen da aka yi mani ranar da na sa leshina mafi kyau. Ku da ake turo wa kalamai a waya, ku gode Allah.

A jarrabawa kuwa, ta hagu aka tambaya. Lauratu ta zana takwas a kwance ba tsinke, ta kuma ja zanen amsar, hannun dama da na hagu duk suna kallon sama.

Mu koma tsakar gida. Ƙarshe dai Goggo ta fi ni, don Baba ya leƙo ya ce in ban aika ba shi zai aika, kuma saƙonsa ba zai yi daɗin ji ba. Lokacin ba waya, saƙo a bakin direba yake tafiya. Na samu Bilya mai motar Ƙanƙara na ce ya ce wa Malam ya zo, Baba na neman sa, kada ya ƙara komai a kai. Bilya kuwa bai san "kada ya ƙara" ba. Kafin ya kai Sheme duk fasinja sun ji an fasa aurena, kafin ya kai Ƙanƙara an ce Malam zai auri 'yar Sheme da ya ba na ɗaya. Washegari a bakin rijiya wata ta yi mani jaje. Ni da nake kai wa mutane labari, ranar aka kawo mani nawa, har da gishiri.

Ya zo da hantsi. Ba a shimfiɗa mashi tabarma a zaure ba, falo aka shigar da shi, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san ba karramawa ba ce, shari'a ce. Baba yana babbar kujera cikin farar shadda. Goggo a ƙasa ta miƙe ƙafa. Lauratu a bakin ƙofar ciki, ido a kumbure, ta lulluɓe da tsohon mayafin Inna. Ni ina lungu kusa da rediyo. A tsakiyar falon kuwa ga akwatina, Goggo ta jawo shi daga ƙarƙashin gado da hannunta, har ta karce mashi gefe.

Malam ya durƙusa ya gai da Baba, ya gai da Goggo. Ta amsa da hanci. Ya zauna a bakin kujera, leda ta yi ƙara.

"Malam, ba faɗa na kira ka ba," Baba ya ce. "Suna bai tahi Kaduna ba, ko?"

"Bai tafi ba, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ga biro nan a aljihunka."

Malam ya sunkuyar da kai. "Baba, gurbi ɗaya ne. In na ƙara mata, na cire wata ke nan."

"Ita wata ɗin ɗiyar gidanku ce?" in ji Goggo. "Ko can ma ka kai akwati ba mu sani ba?"

"Ban san ko ƙofar gidansu ba, Goggo."

"Direbobi sun sani."

"Yaya, bar shi," Baba ya ce. "Malam, nuna mana abin da ta ɓata. Mu ma mu gani da idonmu."

Lauratu ta wurgo takardar, ta faɗi kusa da takalminsa. Ya ɗauka ya warware ta a kan gwiwa, ya nuna inda ya sa jan biro. Goggo ta matso da gindi, ta kanne ido ɗaya.

"Wannan? Wannan ɗan tsinken? Ko ƙuda ya taka tawada ya bi ta kan takarda ai ya ja wanda ya fi shi. A kan wannan za ka hana yarinya shiga jirgi?"

"Tsinken shi ne amsar, Goggo. Da shi abu ya yi ƙasa, ba shi ya yi sama. Ba kusa ta yi da daidai ba, ta tafi can ɗaya ɓangaren ne gaba ɗaya."

"Ita ta ce sama, kai ka ce ƙasa. Wa ya je ya gano? Lissafi ne ko wahayi?"

"Ba ka koya mani ba," Lauratu ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ihu zafi. "A aji ba mu kai wurin ba aka yi hutu. A gida ka tsaya a rabi."

"Na ce ki gwada da kanki. Haka na ce wa kowa a ajin, ita ma Zulaihatu littafi ta duba."

"Na duba. Misalin da na tarar, ƙasan an ninka shi da kansa, hannu biyu duk sama suka yi."

"Saboda abin da aka ninka da kansa ba ya faɗawa ƙasan sifili. Wannan ba a ninka shi ba. Da kin sa lamba ɗaya tak kin gwada…"

"Da ka tsaya ka faɗa mani haka. Amma kana faɗin 'ki duba littafi' idonka yana kan leshin Yaya."

Baba ya yi gyaran murya. Na juya wajen Lauratu. Na ce, "Ke, kiran la'asar ni na yi shi?"

"Ke kika ninke hula."

"Lokacina ne. Ranar da ya zo da wuri kika cinye har cikin nawa, na yi magana?"

"Kin yi. Sati kika yi kina yi."

"Ya isa," in ji Baba.

Goggo ba ta ji ya isa ba. "Ni dai abin da na gani, an ƙirƙiro tambayar da ba mai iya ta sai wanda aka raɗa wa. Halan 'yar Shemen an raɗa mata."

Ban taɓa ganin ran Malam ya ɓaci ba sai ranar. Jijiyar wuyansa ta tashi. "Ba a raɗa wa kowa komai ba. Abin ba wuya gare shi ba. Suwaibatu ma ta san shi."

Na ga ya rufe baki kamar yana son ya maido maganar, amma ta riga ta fita.

Baba ya juyo a hankali. "Suwaibatu?"

Ku fahimce ni. Na ɗauka ceton sa zan yi. In ni mai aji huɗu na faɗi amsar, Goggo ba ta da bakin cewa ƙirƙira ya yi, maganar 'yar Sheme kuma ta mutu. Sannan akwai wani abu, ba zan ɓoye maku ba: tunda aka haife ni a gidan nan ba a taɓa juyowa an yi mani tambayar boko ba. Sai dai "Suwaibatu, wa ya haihu?" "Suwaibatu, mi ya raba su wance?" Na gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ta hagu ƙasa yake yi, Baba. Saman yana sama da sifili, ƙasan ya faɗa rijiya da ɗan kaɗan. Sun saɓa. In sun saɓa kuwa gangarawa ake, duk matsowa ana ƙara nisa, ba a taɓa taɓo ƙasa."

Na gama na kalli Malam ina jiran hasken nan na fuskarsa. Ya rufe ido.

Lauratu ce ta fara dariya, wata irin dariya mara daɗi. "Kun ji? Kun ji inda rabin darasina ya tafi?"

"Yaushe ya koya maki?" Baba ya tambaye ni.

"Ranar ce. Bayan la'asar."

"Lauratu tana ina?"

"Tana ciki."

"Tana ciki. Taku kaɗan daga zaure. Ba wanda ya ce a kira ta."

Goggo ta tafa hannu sau ɗaya ta rungume su a ƙirji. Baki har kunne don daɗi.

Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. In ya yi haka a kasuwa, manoma sun san ciniki ya ƙare.

"Malam, ɗazu roƙon ka nake. Yanzu ba roƙo ba ne. Ɗiya biyu na sa a gabanka, ɗaya ka koyar, ɗaya ka nema. Ka ɗauki abincin wannan ka juye a kwanon waccan, wadda ba ta da abin da za ta yi da shi, sannan ka zo ka hukunta mai kwanon don ka tarar da shi wayam. A zaurena, a kan allon da na sa aka yi. Rabin nan na Lauratu ne. Ka maida mata shi a takarda."

Wallahi ko ni sai da na ji maganar ta shige ni, duk da "wadda ba ta da abin da za ta yi da shi" ta tsaya mani a rai har yau.

Malam ya ɗago. "Wannan na karɓa, Baba. Ya kamata in sa a kira ta. Tun farko ma bai kamata in duba takardar gidan da nake neman aure ba. Zan je in faɗa wa shugabar makaranta haka da bakina, ta ba wani malami ya sake dubawa. Amma shi ma abin da na gani zai gani."

"To mi ka yi mana?"

"Zan koya mata daga farko, ko da mi zai faru tsakanina da gidan nan. Akwai wasu hanyoyin karatu, ba wannan kaɗai ba."

"Riƙe karatunka," in ji Lauratu. "Ka kai wa matarka."

"Ba matarsa ba ce tukuna," Baba ya ce. Ya nuna akwatin da ƙafa. "Abu biyu ne a falon nan, Malam. Takarda da akwati. Ko ka gyara ɗaya, ko ka ɗauki ɗayan."

Malam ya juyo gare ni. A gaban Baba, a gaban Goggo, abin da saurayi mai kunya ba ya yi.

"Suwaibatu, ke mi kika ce?"

Ɗazu bakina ya zuba kamar famfo. Yanzu ya bushe. Na kalli Lauratu da idonta a kumbure, yarinyar da na goya har bayana ya yi kanta. Na kalli akwatin. Na tuna matar bakin rijiya da jajenta. Na ga duk abin nan zai wuce in mutum ɗaya ya ɗan lanƙwasa, kuma a ganina shi ne mafi sauƙin lanƙwasawa, tunda shi ke so na.

"Malam," na ce a hankali, "ɗan tsinke ne fa."

Ya dube ni kamar yau ya fara gani na.

"Goggo ta faɗi haka, na yi mata uzuri," ya ce. "Ke kuwa kin sani."

Ya ninke takardar ya ajiye a hannun kujera, ya danne ta da tafinsa har ta kwanta. Ya miƙe. Bai durƙusa ba wannan karon, ya dai ce, "Baba, na bar ku lafiya." Ya ratsa ta gefen akwatin, ƙafar wandonsa ta shafe shi, bai ko kalle shi ba.

"Kai, ɗan Ƙanƙara," Goggo ta ce. "Ka manta kayanka."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

"Ban manta ba."

Na yunƙura zan tashi. Baba ya ce, "Zauna," ko kallo na bai yi ba. Ina nan rabi a tsaye rabi a durƙushe, hannuna a kan rediyon da ba a taɓawa, Malam Hadi, mutumin da ko alli ba ya ajiyewa da ƙarfi, ya ja ƙyauren falon ya buga shi har ƙasa ta zubo daga saman bango ta sauka a kan farar shaddar Baba.